Daga Jega zuwa Ingila: Dalilin da ya sa ma'aikacin lafiya a ƙetare ba ya wasa da ƙwallon ranar Lahadi

A Sabon Garin Jega, buga ƙwallo ba ya buƙatar shiri. Da zarar an idar da sallar La'asar, rana ta yi sanyi, matasa kan hallara a filin makaranta ko wani fegi da ba a gina ba, a raba gida biyu, a fara. A cikinsu akan samu ɗan kasuwa, da ɗalibin jami'ar Aliero da ya zo hutu, da ma'aikacin lafiya da ya taso daga allurar rigakafi a wani ƙauyen Maiyama. Ba wanda ya biya ko sisi, ba wanda ya duba jadawali.

Idan wannan ma'aikacin ya samu hanyar fita zuwa Birtaniya, kamar yadda dubban ma'aikatan lafiyar Najeriya suka yi a 'yan shekarun nan, wasan da yake samu a ɓagas sai ya koma abin da ake tsarawa tun mako guda kafin ranar, ana biyan kuɗin fili, ana roƙon abokin aiki musayar ranar aiki. Duk da haka da yawansu ba sa bari ya wuce su. Dalilin yana da alaƙa da dokokin biza fiye da yadda ake zato.

Jega na da kwalejin kimiyya da fasahar lafiya ta jihar Kebbi, wadda ke yaye ma'aikatan lafiyar al'umma, waɗanda su ne ƙashin bayan ƙananan asibitoci a karkara. Su ke yin rigakafi, su ke awon ciki, kuma galibi su ke fara lura idan wata cuta ta ɓulla. Sai dai wannan rukuni na aiki tsari ne na Najeriya. Birtaniya na yi wa likita da ma'aikaciyar jinya rajista bayan jarrabawa, amma ba ta da gurbin da ya yi daidai da takardar ma'aikacin lafiyar al'umma. Saboda haka wanda a gida shi ne shugaban asibitin gari guda, a can sau da yawa aikin kula da tsofaffi yake samu: wanka, ciyarwa, ba da magani a kan lokaci. Wasu kuma kan bi ta hanyar karatu, su yi digiri na biyu a fannin lafiyar jama'a, suna aikin kula da tsofaffin a gefe don biyan haya.

A watan Agustan 2020 ne Birtaniya ta buɗe biza ta musamman ga ma'aikatan lafiya, sannan aka shigar da masu kula da marasa ƙarfi cikinta a 2022. Daga baya ta fara ƙuntata ta. Daga Janairun 2024 aka hana yawancin ɗaliban digiri na biyu tafiya da iyali, a watan Maris na shekarar aka hana masu aikin kula da tsofaffi, sannan a Yulin 2025 aka rufe ɗaukar sababbin irin waɗannan ma'aikata daga ƙasashen waje. Sakamakon haka, mutum da yawa da suka isa can a wannan tsakani sun isa ne su kaɗai, mata da 'ya'ya suna gida, sai dai a gaisa ta WhatsApp.

Ga wanda ya tashi a garin da ba a cin tuwo shi kaɗai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Aikin na awa 12 ne a yawancin wurare, wani mako da rana, wani mako da dare. A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, ta yadda mutum zai fita da duhu ya dawo da duhu. Hukumar lafiyar ƙasar ma tana shawartar masu baƙar fata su riƙa shan sinadarin bitamin D duk shekara saboda ƙarancin hasken rana. Babu majalisar ƙofar gida, babu mai shayi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a watan Yunin 2025, ta ce mutum ɗaya cikin shida a duniya na fama da kaɗaici, ta kuma danganta shi da cututtukan zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon damuwa. Abin takaicin shi ne, ma'aikacin lafiyar jama'a ya san wannan a takarda, ya kuma san shawarar hukumar cewa baligi ya motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Shi ne yake koya wa wasu, amma jadawalin aikinsa ba ya barinsa ya bi.

A nan ne ƙananan ƙungiyoyin ƙwallo suke shigowa. Ingila na da tsohuwar al'adar gasar ranar Lahadi ta 'yan sha'awa; a Hackney Marshes da ke gabashin Landan kaɗai akwai filaye sama da 80. Akwai kuma wasan mutum biyar-biyar a filin roba, wanda ake haya da awa, kuma shi ya fi dacewa da mai aikin karɓa-karɓa, domin ana iya buga shi da dare. A Birmingham har gasar tsakar dare ake yi a watan azumi, wadda Obayed Hussain ya kafa domin masu azumi su buga bayan Tarawihi. A gefen irin waɗannan filaye ne baƙo ke jin labarin ɗakin haya mai sauƙi, da kamfanin da ke danne albashi, da inda ake sayar da garin masara da daddawa. A taƙaice, aikin da Sabon Gari ya yi wa baƙin da kasuwar Jega ta jawo tun kaka da kakanni, shi ƙungiyar ƙwallo ke yi wa ɗan Jega a can: wurin da baƙo ke samun mai nuna masa gari.

Amma akwai haɗarin da bai kamata a ɓoye ba. A gida, idan ɗan wasa ya karye, ana ɗaukarsa zuwa wurin masu ɗorin Aliero ko asibiti, dangi su yi jinya, aikin gwamnatinsa na jiransa. A Birtaniya bizarsa na ɗaure ne da wanda ya ɗauke shi aiki. Aikin kula da tsofaffi na ƙarfi ne, ba a yinsa da sanda. Idan ya kwanta, da yawa ba sa samun komai sai kuɗin rashin lafiya mafi ƙanƙanta da doka ta tanada, wanda bai kai albashi ko kusa ba, alhali ana jiran aike a gida. Idan kuma aikin ya ƙare, galibi kwana 60 ake ba shi ya samu wani ko ya bar ƙasar. Shi ya sa za ka ga gwanin da ba ya tsoron kowa a filin Jega yana janye ƙafa idan aka zo masa da ƙarfi. Ba ragwanci ba ne, lissafi ne.

Me ya shafi wanda bai taɓa riƙe fasfo ba? Najeriya na cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu matsanancin ƙarancin ma'aikatan lafiya, kuma Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ce kimanin likitoci 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekaru. A watan Maris na 2025 gwamnatin Kebbi ta sanar da mutuwar mutum 26 a ɓarkewar da ake zargin sanƙarau ce, kuma Jega da Aliero na cikin wuraren da abin ya shafa. A irin wannan lokaci ne ake jin rashin kowane ma'aikaci ɗaya.

Martanin 'yan siyasa ya fi karkata ga ɗaure ƙafa. A 2023 an gabatar da ƙuduri a Majalisar Wakilai na tilasta wa likitoci aikin shekara biyar kafin a ba su cikakken lasisi. A ganina wannan gyaran ganga ne da auzinawa, domin bai taɓa abin da ke korar mutane ba. Ko da wahalar awa 12, dokar Birtaniya ta kayyade matsakaicin aiki a awa 48 a mako sai idan ma'aikaci ya amince da ƙari, kuma yana ganin jadawalinsa tun da wuri, har ya san Lahadin da zai buga. A nan kuwa, sai a watan Oktoban 2025 ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta umarci mambobinta kada su wuce awa 24 a jere suna bakin aiki.

Manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya da Shugaba Tinubu ya amince da ita a watan Agustan 2024 ta ambaci daidaita lokutan aiki da kula da lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikata. Sai dai manyan asibitocin Jega da Aliero da Maiyama na gwamnatin jiha ne, ƙananan kuma suna ƙarƙashin hukumar lafiya a matakin farko ta jiha da ƙananan hukumomi. Yawan ma'aikatan da za a ɗauka, da awannin da kowannensu zai yi, a Birnin Kebbi ake yanke su, a cikin kasafin kuɗin da 'yan majalisar waɗannan mazaɓu ke amincewa da shi kowace shekara.