Kat-kat: kafin a biya kuɗi, a tambayi wanda ya riƙe ta damana uku

Duk wanda ke cin kasuwannin ƙauye ya san inda kwalta ke ƙarewa. Daga Maradi zuwa Zinder, ko daga Konni zuwa Dosso bisa babbar hanya ta RN1, kowace mota tana kai mutum. Amma da zarar aka ratse zuwa ƙauyukan Dakoro, Mayahi, Tanout ko Keita, sai rairai da rani, laka da ƙoramu da damana. Shi ya sa a gidan radiyo ake yawan kiranmu da tambaya guda: wace kat-kat ce za a saya, mai daɗin zama, wadda ba ta barin mutum cikin daji da kaya? Mun saurari masu motoci da direbobi da makanikai, kuma abin da muka fi ji shi ne, daɗin zama da ƙarko ba kullum suke haɗuwa cikin mota guda ba.

Mu fara da wadda kowa ke ambata, Land Cruiser ƙirar 70 ta kamfanin Toyota, wadda aka fara ƙerawa a 1984. Yawancin waɗanda ke yawo a ƙasarmu suna da injin gazuwal 1HZ, mai silinda 6, lita 4,2, wanda ya fito a 1990. Ba shi da turbo, ba shi da kwamfuta, ƙarfinsa bai wuce doki 130 ba. Masu ita na cewa ba ta da gudu, amma tana ja, kuma makanikin da ke gindin bishiya a Tchadoua ko Abalak ya san cikinta. Wasu ma suna zuwa da tanki biyu, lita 90 kowanne. Sai dai a faɗi gaskiya: ƙarfen lam gare ta a baya, in babu kaya tana girgiza mutum har ƙugu. Tun 1999 aka sa mata sifirin a gaba, abin ya ɗan yi sauƙi, amma Hajiyar da ke fama da ciwon baya ba za ta gode wa wanda ya zaɓa mata ita ba.

Hilux ita ce ta tsakiya, kuma a ganinmu ita ta fi dacewa da ɗan kasuwar da ke tafiya da kayansa. Mai gida biyu tana ɗaukar mutum 5 a ciki, kaya a baya. Abin da take ɗauka bisa ƙa'ida bai wuce tan guda ba, wato kamar buhu 10 na hatsi masu kilo 100, har da nauyin mutanen da ke ciki. Mun san ana yi mata ninkin haka ranar kasuwa, a ɗora awaki a sama. Masu ita da kansu suka shaida mana sakamakon: lam na karyewa, kuloci na ƙonewa, birki ba ya kamawa a gangare. Ribar buhunan da aka ƙara ita ce ake kai wa gareji.

Wanda ke neman daɗin zama, sai ya duba Prado ko tsohuwar Land Cruiser ƙirar 80, ta 1990 zuwa 1997, masu sifirin gaba da baya. Ƙura ba ta shiga kamar a buɗaɗɗiyar mota, atamfa da shadda na isa da tsabtarsu, kuma sanyin kilim cikin watan Afrilu ba alatu ba ne. Amma kayan gyaran ƙafar gaba ta Prado sun fi tsada, kuma ba mota ce ta buhunan albasar Galmi ba. Nissan Patrol mai injin TD42 ita ma masu ita na yabonta ƙwarai, kukansu guda, kayan gyaranta ba su kai na Toyota yawa a kasuwa ba. Pajero kuwa, Mitsubishi ya daina ƙera waccan ƙirar a 2021.

Wata magana da muke so mata ƴan kasuwa su riƙe: ba kowace mota mai tsawon ƙafa ce motar daji ba. RAV4 da ire-irenta suna da kyau a gari da hanyar jan ƙasa, ba su shan mai da yawa, amma ba su da ƙaramar giyar nan ta ƙarfi da ake sawa in an kafe. Mai saye ta duba kusa da giya, in babu sanda ko maɓalli mai alamar L4, to kada ta shiga rairai mai zurfi da ita.

Sai batun mai. Sababbin injunan gazuwal, irin su D-4D, sun fi ƙarfi, sun fi tattali, amma allurorinsu ba su haƙuri da ƙazanta ko ruwa. Man kwalba na bakin hanya da tsohon inji ke haɗiyewa, su yana iya kashe su, kuma gyaran sai mai na'ura a babban gari. Matatar SORAZ da ke kusa da Zinder tana aiki tun 2011, saboda haka wanda ya sayi irin wannan mota ya riƙa cika tanki a gidan mai, ya kuma riƙa sauya matatar gazuwal kan lokaci. Mai tafiya nesa ya ajiye guda a mota.

Yawancinmu mota ta hannu muke saye. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, tafiya ta ƙara tsawo, kuma mai saye ne ke biyan tsawon. Don haka kada a yi gaggawa. A je da makanikin da za ya riƙa gyara ta, ba na mai sayarwa ba. A shiga ƙarƙashinta da tocila, domin motar da ta fito daga Turai ko Amurka, inda ake zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, fenti na iya ƙyalli alhali tsatsa ta ci shasi. Kada a yarda da lambar kilomita kaɗai, ana juya ta baya. A tada inji da sassafe yana sanyi, a dubi hayaƙi. A kai ta rairai a sa ƙafa huɗu a gani ko suna kamawa, sa'an nan a cire kafin a hau kwalta, don yawancin waɗannan motoci ba a yi su don tafiya da ƙafa huɗu bisa busasshiyar hanya ba. Takardun duwan da kartigiri su dace da lambar da ke jikin shasi, in ba haka ba mota na iya kwana hannun jandarma da kayanka a ciki.

Akwai abin da masu motoci ke faɗa da murya ƙasa-ƙasa. Hilux da Land Cruiser buɗaɗɗiya su ne ƴan fashi da ƴan bindiga suka fi so. Mai cin kasuwa a bakin iyaka ko can arewa ya sa wannan a lissafinsa, ya nemi labarin hanya wurin direbobin tasha kafin ya tashi.

A tasha ɗin ne kuma za a samu wanda ya riƙe irin motar da kake so shekara uku ko fiye. A tambaye shi lita nawa take sha daga Maradi zuwa Dakoro da kaya, me ya sauya a damanar bara, nawa ya biya, kuma kwana nawa ya jira kafin kayan gyaran su iso.