Abin da Kwamfuta Take Ƙin Zanawa

A shagunan wasan bidiyo na Daɗin Kowa, a kan hanyar Jos zuwa Bukuru, samari sukan biya kuɗi su zauna gaban talabijin suna tseren motoci. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa hoton da suke kallo sabo ake zana shi, sau 30 ko 60 cikin kowane sakan. In na'ura ta makara, hoto ya riƙa tsinkewa, mai wasa ya yi karo, kuɗinsa ya tafi a banza.

Kowace mota da kowane gida na cikin wasan da ƙananan alwatika aka gina su, dubbai a kan dubbai. Zana su duka cikin wannan ɗan lokaci ya fi ƙarfin na'ura, saboda haka sai ta yi tankaɗe tukuna. Abin da ke bayan mai kallo ko can gefensa, a zubar. Fuskar abin da ta juya masa baya ita ma a zubar, watau kusan rabin aiki ke nan ya ragu.

Mai wuyar shi ne abin da wani abu ya kare. Mutumin Jos ya san dutse guda yakan ɓoye gidaje masu yawa. Ido ba ya wahala a kan wannan, amma kwamfuta sai ta yi lissafi. A 1972 Martin Newell da abokan aikinsa a Ingila suka kawo dabarar fara zana na nesa, na kusa ya rufe shi. A 1974 Edwin Catmull na Jami'ar Utah a Amurka ya sa na'ura ta riƙa tuna nisan kowane ɗigo na allo, ta riƙe mafi kusa. Dukansu dai ana yin wahalar sannan a yar.

John Carmack ne ya tsallake wannan asara a wasan Quake na 1996. Tun kafin a sayar da wasan aka lissafa, ga kowane lungu na ginin, waɗanne sassa ne ake iya hangowa daga can. Sauran ko taɓa su ba a yi. An kuwa bar lissafin da sassauci da gangan, domin in tankaɗe ya yi tsanani bango yakan ɓace a gaban mai wasa.

Dabarar ta dace da ɗakuna da zauruka. A sarari irin na Filato, inda ido yake kaiwa nesa, ba ta rage aiki sosai, sai a koma zana tsaunukan nesa da alwatika kaɗan.