Halittun teku da ke girma da siffar ƙuruciya: abin da duwatsun Sahara ke nunawa

Garin Tit yana kusa da Tamanrasset a kudancin Aljeriya, a yankin duwatsun Ahaggar. Kimanin shekara miliyan 90 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya ratsa Sahara ta gefen waɗannan duwatsu, ya gangaro har ƙasar da ake kira Nijar da arewacin Najeriya a yau. Ruwan ya janye, amma ya bar ɓawon halittunsa a cikin dutsen farar ƙasa, kamar wanda ake haƙa a Ashaka ta Jihar Gombe don yin siminti.

Daga cikin waɗannan halittu akwai amonait, mai ɓawo a naɗe irin na dodon koɗi. Ba ta zubar da ɓawon ƙuruciyarta, sai dai ta ci gaba da naɗa sabo a kansa. Saboda haka idan aka tsaga ɓawon, naɗin ciki shi ne ƙuruciya, na waje kuma shi ne girma. Da wannan ne masana ke kwatanta jinsin da ya gabata da wanda ya biyo baya. Wani lokaci sai su tarar babba a jinsin baya ya yi kama da ƙaramin jinsin da ya fito daga cikinsa.

Wannan shi ake nufi da riƙe siffar ƙuruciya. Masanin Ingila Walter Garstang ne ya raɗa masa suna a 1922. Yana faruwa ta hanya biyu: ko dai halitta ta balaga da wuri tun jikinta bai gama sauyawa ba, ko kuma sauyin jikin ya yi jinkiri har balaga ta riske shi.

Akwai misali mai rai a teku. ’Ya’yan tunikat suna iyo da wutsiya kamar talibambam, daga baya su manne a dutse, wutsiyar ta ɓace. Amma wani rukuni a danginsu, lavashiya, yana riƙe wutsiyar har ƙarshen rayuwa, yana hayayyafa a haka.

Amonait ta ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, ɓawonta kaɗai ne shaidar yadda ta girma. Duk wanda ya shiga injin niƙa siminti ya tafi ke nan. Ɗalibin da ya tsinci irinsa, ya rubuta wurin da ya same shi, ya kai sashen nazarin duwatsu na jami’a mafi kusa.