Yadda Ake Gwada Na'urar Wasiƙun Imel Kafin a Dogara da Ita

Kamfanin da ya kafa tasa na'urar aikawa da karɓar wasiƙun imel yakan ɗauka aiki ya kammala da zarar wasiƙar farko ta fita. Sai dai fitar wasiƙa daban, isarta daban, kuma takardar neman biyan kuɗi ko ta neman kwangila da ta maƙale a hanya asara ce wadda ba a cika gane ta ba sai wa'adi ya wuce.

Ana fara gwaji ne daga rajistar sunan kamfanin a intanet, wato DNS, inda ake rubuta bayanin MX mai nuna wa sauran na'urori inda za su kai wasiƙun kamfanin. Idan aka yi kuskure a nan, na'urar za ta riƙa aikawa lafiya lau amma ba ta karɓar komai. Daga nan sai ƙofofin na'urar. Ta ƙofa mai lamba 25 na'urori ke musayar wasiƙu bisa ƙa'idar SMTP da aka shimfiɗa tun 1982, kuma kamfanonin sadarwa da dama suna toshe ta don daƙile wasiƙun banza, abin da kan sa injiniya ya kwana yana laluben matsala a na'urar da lafiyarta ƙalau.

Kundin da na'urar ke rubuta ayyukanta a ciki shi ne babban mashaidi. Amsar da ta fara da lamba 4 tana nufin cikas na ɗan lokaci, za a sake gwadawa. Manhajar Postfix, alal misali, takan yi kwana 5 tana ƙoƙari kafin ta mayar da wasiƙar. Wadda ta fara da 5 kuwa ƙi ne kai tsaye.

Inda gizo ke saƙar shi ne samun amincewar masu karɓa. Bayanin SPF yana lissafa na'urorin da aka yarje wa aikawa da sunan kamfanin, DKIM yana buga wa kowace wasiƙa hatimin da za a iya tantancewa, shi kuma DMARC yana faɗin abin da za a yi da wadda ta kasa cika sharuɗɗan. Tun watan Fabrairun 2024 kamfanonin Google da Yahoo suka wajabta duka ukun a kan masu aika wasiƙu da yawa, waɗanda a ma'aunin Google su ne masu aika kimanin 5,000 a rana. Ƙaramin kamfani ma bai tsira ba, domin dole ya mallaki SPF ko DKIM. Gwajin ba shi da tsada: a aika wasiƙa zuwa akwatin Gmail, a buɗe cikakken bayanin da ke samanta, a ga ko ukun sun samu karɓuwa.

Bugu da ƙari, wajibi ne a gwada aikawa ta na'urar daga waje ba tare da kalmar sirri ba. Idan ta yarda, to 'yan damfara za su gano ta, kuma adireshinta na iya shiga jerin da ƙungiyar Spamhaus ke ajiyewa, wanda na'urori masu yawa ke dubawa kafin su karɓi wasiƙa.