Me ya sa katun ɗinka ke tafiya kamar mutum-mutumi? Ga inda gyaran yake

Idan kana cikin matasan da suka sauke manhajar Blender suna koyon haɗa katun mai siffa uku, wato wanda ke da tsawo da faɗi da zurfi, to akwai wata matsala da kusan kowa ke cin karo da ita a watannin farko. Ka ƙera mota ko ɗan mutum, ka sa launi mai kyau, ka daidaita haske, hoton ya fito tsaf. Amma da ka sa abin ya motsa sai komai ya lalace. Motar ta zabura ba shiri, ta tsaya cak kamar ta daki bango. Ko kuma komai ya riƙa yawo a hankali kamar a cikin ruwa ake. Ka ɗora a TikTok, mutane su wuce ba su kai ƙarshe ba, kuma ko su ba za su iya gaya maka abin da ya kore su ba.

Yawancin lokaci laifin ba na kwamfutarka ba ne. Matsalar tana cikin yadda gudun abu ke ƙaruwa da raguwa tsakanin farkon motsi da ƙarshensa. Masu sana'ar suna da dabarar gyara wannan, mu a nan za mu kira ta sassauta motsi. Idan kana fatan wata rana mai shago ya biya ka kuɗin tallan da ka haɗa masa, ko wani kamfani ya duba aikinka ya ɗauke ka, wannan na cikin abubuwan da ido ke fara kamawa.

Abin da kwamfuta ke yi a bayan fage

Bidiyo jerin hotuna ne da ake nunawa da sauri. Kowane hoto ɗaya shi ake kira firem. Fim ɗin sinima yana tafiya da firem 24 a kowace daƙiƙa, kuma a kan wannan adadin Blender ke buɗewa idan ba ka sauya ba. A zamanin zanen hannu, babban mai zane yakan zana muhimman tsayuwa ne kawai, misali hannu a ƙasa da hannu a sama, sai mataimakansa su cike hotunan tsakiya. Waɗannan muhimman tsayuwa su ne kifirem. A yau kai ne babban mai zanen, kwamfuta ce mataimakiyarka. Ka ajiye abu a wuri ka danna I, ka matsa gaba a layin lokaci, ka kai abin wani wuri ka sake danna I, ita kuma ta lissafo duk abin da ke tsakani.

To amma akwai hanyoyi da yawa na cike tsakanin nan. Ɗauki misalin adaidaita sahu da kake so ta yi tafiyar mita 24 cikin daƙiƙa 4, wato daga firem na 1 zuwa na 97. Hanya mafi sauƙi ita ce a raba daidai: mita 6 a kowace daƙiƙa, daga farko har ƙarshe. A lissafi babu kuskure. Amma ka taɓa ganin adaidaitar da ke tsaye, kafin ƙiftawar ido kuma tana kan cikakken gudu? Ai da fasinjan baya ya sha wuya. Direba yakan ja ta a hankali, ta ɗau wuta a tsakiya, sannan ya taka birki kafin ya iso wurin sauke mutum.

Idan ka sassauta tashi da tsayuwa daidai wa daida, rabon zai iya komawa haka: mita 3.75 a daƙiƙar farko, 8.25 a ta biyu, 8.25 a ta uku, sai 3.75 a ta ƙarshe. Ka tara su, mita 24 ɗin ne dai, lokacin ma bai ƙaru ba. Rabon tazarar kawai aka sauya, amma yanzu mai kallo zai ji cewa abin yana da nauyi kuma akwai inji a cikinsa.

Dabarar ta girmi kwamfuta

A shekarar 1981, wasu tsofaffin masu zane na kamfanin Disney su biyu, Frank Thomas da Ollie Johnston, suka fitar da littafi mai suna The Illusion of Life. A ciki suka jera ƙa'idoji 12 na motsa zane, kuma ɗaya daga ciki ita ce wannan: a cunkusa hotuna kusa da farkon motsi da ƙarshensa, a ware su a tsakiya. Inda hotuna suka matsu da juna motsi yana tafiya a hankali, inda suka yi nisa da juna yana sauri.

Da kwamfuta ta shigo harkar, katun ɗinta na farko-farko sun yi fama da irin taurin da kake gani a naka. A 1986 John Lasseter na kamfanin Pixar ya haɗa wani ɗan gajeren fim, Luxo Jr., wanda 'yan wasansa fitilun tebur ne guda biyu, babba da ƙarama. Ba su da fuska, ba sa magana, amma daga yadda suke tsalle da waiwaye kowa ya gane wacce ce babba wacce ce yarinya. Ƙaramar fitilar nan ce ka saba gani tana tsalle a farkon fina-finan Pixar. A 1987 Lasseter ya gabatar da takarda a taron SIGGRAPH yana nuna yadda ƙa'idojin zanen hannu ke aiki a katun na kwamfuta.

Shi kuwa lanƙwasasshen layin da manhajar ke amfani da shi wurin sassautawa, daga masana'antar motoci ya fito. Pierre Bézier, injiniya a kamfanin Renault na Faransa, shi ya yaɗa shi a shekarun 1960 don zana jikin mota, kuma Paul de Casteljau na kamfanin Citroën ya riga shi gano lissafin a 1959. Shi ya sa za ka ga sunan Bezier a Blender da sauran manhajoji irin su Maya da Cinema 4D.

Koyi karanta layin

Yawancin masu koyo suna maƙalewa a layin lokaci na ƙasa, inda kifirem ke fitowa kamar 'yan ɗigo. Wannan yana gaya maka yaushe abu zai faru ne kawai. Idan kana son ganin yadda zai faru, sai ka buɗe tagar da aka rubuta wa Graph Editor. Kada yawan layukan su ba ka tsoro, karatunsu ba wuya. Daga hagu zuwa dama lokaci ne. Daga ƙasa zuwa sama kuma matsayin abin ne. Inda layi ya kwanta, abin a tsaye yake. Inda ya miƙe kamar hawan tudu, abin yana gudu, kuma iya tsayin tudun iya saurin. Motsi mai taushi yakan fito kamar harafin S da aka ja: kwance a farko, tudu a tsakiya, kwance a ƙarshe.

Idan ka zaɓi kifirem ka danna T, za ka ga jerin hanyoyin cike tsakani. Uku na farko su ne tushe. Constant ba ya cike komai, abin zai tsaya a wuri ɗaya har sai kifirem na gaba ya zo sannan ya yi tsalle. Linear shi ne miƙaƙƙen layi, gudu ɗaya tun daga farko. Bezier shi ne mai lanƙwasa, kuma shi Blender ke sa maka da kansa.

Kowane kifirem na Bezier yana da hannaye biyu, ɗaya hagu ɗaya dama. Ka kama hannu ka kwantar da shi, gudun abin zai koma sifili a wurin. Ka ja shi ya yi tsawo, sassautawar za ta daɗe. Ka gajarta shi, abin zai tashi ko ya tsaya da hanzari. A misalin adaidaitar nan, hannayen a kwance suke kuma kowane ya ci kashi ɗaya bisa uku na lokacin. Wasa da hannayen nan shi ne rabin sana'ar. Babbar mota mai ɗauke da buhunan masara tana buƙatar dogon hannu a wurin tashi, don sai ta yi nishi kafin ta motsa. Tsuntsun da aka razana kuwa gajeren hannu yake so.

Ba ko'ina ake sassautawa ba

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami na biyu. Sun ji cewa taushi yana da kyau, sai su tausasa komai, katun ɗin ya koma kamar kowa yana iyo. Gwajin da ake fara ba kowane ɗalibi shi ne ƙwallo mai tsalle, kuma akwai dalili.

Abin da aka saki daga sama gudunsa ƙaruwa yake har ya taɓa ƙasa. Ƙwallon da ta faɗo daga tsayin mita 1.2 tana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa, wato firem 12. A firem 6 na farko kusan santimita 30 kawai take ci, a 6 na ƙarshe ta cinye sauran 90. Ke nan a can sama ake sassautawa, inda take kamar ta ɗan tsaya kafin ta juyo. A ƙasa kuwa babu birki, tana kan cikakken gudu take dukan ƙasa ta koma. Idan ka bar wa manhajar zaɓi, za ta tausasa wurin dukan ma, sai ƙwallon ta zama kamar ana ajiye ta a hankali. Gyaran shi ne ka zaɓi kifirem na ƙasa, ka danna V, ka zaɓi Vector. Layin zai yi tsini a wurin, ƙwallon ta dawo ƙwallo.

Haka naushi, haka buga ƙofa, haka taɓarya a turmi: wurin haɗuwa ba ya son taushi. Fankar sama da ke juyawa, ko tayar motar da ta riga ta ɗau hanya, miƙaƙƙen layi suke so, in ba haka ba za su riƙa tafiya suna numfashi a duk zagaye.

Akwai kuma matsalar zarcewa. Wani lokaci ka kafa kifirem biyu a wuri ɗaya don ƙafa ta tsaya, amma sai ka ga tana zamewa ko tana nutsewa cikin ƙasa. Idan ka duba layin za ka ga ya yi ciki tsakanin ɗigon biyu. Hannun da aka rubuta wa Auto Clamped an yi shi ne don hana wannan, ko kuma ka kwantar da hannayen da kanka.

Shiryayyun salo da ruɗanin suna

A cikin jerin nan na T akwai shiryayyun lissafai da suka samo asali daga aikin Robert Penner, wanda ya rubuta su a farkon shekarun 2000 don masu amfani da Flash. Wasu suna ƙara ƙarfin sassautawa mataki-mataki. Wasu uku kuma suna da armashi: Back yana zarce wurin tsayawa kaɗan ya dawo, Bounce yana tsalle-tsalle, Elastic yana karkarwa kamar roba. Suna da amfani sosai ga tambarin shago ko rubutun da ke shigowa cikin talla. Amma kamar yaji suke, kaɗan ya isa. Ga jikin mutum ko dabba, gara ka gyara hannayen da kanka.

Ka kuma kula da kalmomin Ease In da Ease Out idan kana bin darussan YouTube. A wurin masu gina shafukan intanet, na farkon yana nufin tashi a hankali. A After Effects kuwa yana nufin rage gudu yayin isowa kifirem. Kada ka tsaya gardamar suna, ka kalli siffar layin, ita ce ba ta ruɗarwa.

Yadda za ka tsara aikinka

Fara da Constant. Kafa manyan tsayuwa, ka kunna ka gani ko labarin ya fito kuma lokacin ya yi daidai. Idan a wannan matakin bai yi ba, taushi ba zai cece shi ba. Bayan nan ka mayar da su Bezier, ka bi layukan ɗaya bayan ɗaya kana tambayar kanka: a nan abin tashi yake, tsayawa yake, ko karo ya yi? Ka rage yawan kifirem, domin kowane ƙari wuri ne da layi zai iya yin ƙulli. Kunna Motion Paths, zai zana maka ɗigo-ɗigo a kan hanyar da abin ke bi, ka ga da idonka inda suka matsu da inda suka ware. Duk wannan a tagar aiki ake dubawa, tun kafin ka sa kwamfuta ta kwana tana fitar da bidiyon ƙarshe, ga zafi ga rashin tabbas na wuta.

Wayarka ma makaranta ce. Ɗauki bidiyon ƙaninka yana jefa ƙwallo ko yana tashi daga kujera, ka bi shi hoto bayan hoto, ka ƙirga firem nawa ya ci kafin ya ɗau sauri da nawa ya ci kafin ya tsaya.

Kuma kada wani ya ce maka sai da manhaja mai tsada. Blender kyauta ce tun 2002, lokacin da Ton Roosendaal na ƙasar Holan ya tara gudunmawar jama'a aka sake ta ga kowa. Da ita Gints Zilbalodis na Latbiya ya haɗa fim ɗin Flow, labarin wata kyanwa a cikin ambaliya, wanda ya ci kyautar Oscar ta katun a 2025. Babu magana ko ɗaya a fim ɗin, motsin dabbobin ne ke ɗauke da labarin. Tagar layukan da suka yi aiki da ita, ita ce a kwamfutarka.

Aikin wannan makon: ƙwallo ɗaya, tsalle uku, kowane ya gaza na baya tsawo da lokaci. Idan ta yi kyau, sauya layukan kawai ka mayar da ita ƙwallon ƙarfe, sannan balan-balan, ba tare da ka taɓa siffarta ko launinta ba. Nuna wa wanda bai san komai a harkar ba, ka tambaye shi wacce ta fi nauyi. Idan ya faɗa daidai, ka kama hanya.