Kashin Shanu da Ruwan Rani a Yammacin Zamfara

Tun kaka da kakanni akwai wata yarjejeniya tsakanin manomi da Bafillace a ƙasashen Anka, Bukkuyum da Gummi. Da an kawar da amfanin gona, sai garke ya sauka a saura, shanu su ci kara, su bar kashi da fitsari, mai gona kuwa ya ba da dawa ko gero. Satar shanu da rashin tsaro sun raunana wannan al'ada ƙwarai, ga shi takin zamani ya yi tsadar da talaka ba ya iya kai hannu.

Saboda haka hankali ya koma kan shanun tatsa da ake turkewa a gida, watau Gudali da Bunaji. Abin takaici, yawancin masu su na barin kashin a fili, rana ta ƙone shi ya zama kandilo, sinadarin naitirojin da ke sa hatsi ya yi kore ya bi iska. Fitsarin ma, wanda ke ɗauke da kaso mai yawa na sinadarin, ƙasa ke shanye shi a banza. Gyaran ba wuya. A shimfiɗa ƙaiƙayi ko ragowar kara a turke domin ya tsotse fitsarin, a riƙa kwashewa zuwa rami a inuwa, a rufe, a juya bayan kowane mako 2 ko 3. Zafin da tarin ke yi shi ke kashe irin ciyawa, kuma cikin wata 3 sai ya ruɓe ya yi baƙi.

Amma taki ba ya ruɓewa sai da danshi, ruwa kuwa a watan Afrilu abin lallaɓawa ne ga wanda ya yi nisa da gulbin Zamfara. Ba a rage wa saniyar tatsa ruwan sha, domin kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne. Wanda ake tattali shi ne na wanke ƙorai da masakai: a juye shi a ramin taki. A kuma shayar a kwami cikin inuwa.

Sai dai a lura da inda ake ɗibar ruwan. Gubar dalma ta 2010 ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum. Kududdufin da aka wanke dutsen zinariya a cikinsa bai dace da saniya ba, bai dace da ramin taki ba, domin dalma ba ta ruɓewa.