Ko Kun Sani? Raunin Ido Ma Suna Ya Tara

Ko kun san sai a shekarar 1996 likitocin ido suka samu tsari ɗaya na kiran raunukan ido? Dakta Ferenc Kuhn da abokan aikinsa ne suka fitar da shi a birnin Birmingham na jihar Alabama, Amurka. Tambayar farko ita ce: bangon ƙwayar ido ya huje, ko bai huje ba? In ya huje, bugu ne ya fasa shi, kamar tunkuyin sa a kasuwar shanu ta Potiskum, ko abu mai kaifi ne ya keta shi, kamar ɓarɓashin ƙarfe a garejin gyaran tirela?

Wani zai ce majinyaci magani yake nema, ina ruwansa da suna? Ai sunan ne ke jan maganin. Takardar da aka rubuta "ya ji ciwo a ido" kawai ba ta gaya wa likitan Damaturu ko na Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna komai ba. Idon da ya huje tiyatar gaggawa yake buƙata, ba a danna shi, ba a murza shi. In kuwa ana zaton ƙarfe ya maƙale a ciki, ba a shigar da mutum na'urar MRI, domin maganaɗisunta na iya motsa ƙarfen.